Ciwon Daji: Yadda Yake Farawa, Yadda Yake Yaɗuwa, da Yadda Ake Maganinsa

Ciwon daji, wanda ake kira sankara ko kansa, suna ne da ya tattara cututtuka sama da 100. Abin da ya haɗa su shi ne wasu ƙwayoyin halittar jiki su riƙa hayayyafa ba tsayawa, su cinye naman da ke kusa da su, sannan su bazu zuwa wasu sassa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna an samu sabbin masu ciwon sama da 127,000 a Najeriya, kusan 80,000 kuma sun rasu. Babban abin da ke jawo yawan mutuwar shi ne zuwa asibiti a makare.

Yadda yake farawa

Jikinka an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kowace tana ɗauke da umarni a cikinta: yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta tsaya, yaushe za ta mutu wata ta maye gurbinta. Idan wannan umarni ya lalace, jiki yakan gyara shi ko ya kashe ƙwayar. Amma idan lalacewar ta taru a ƙwaya ɗaya, sai ta daina jin birki. Ita da 'ya'yanta su yi ta ninkuwa har su zama ƙari. Wannan yakan ɗauki shekaru, kuma galibi ba a jin zafi a farko.

Ba kowane ƙari ne daji ba. Akwai mai zama wuri ɗaya, kamar ƙullin kitse a ƙarƙashin fata. Na daji kuwa yana kutsawa cikin nama, ya bi hanyoyin kaluluwa da jijiyoyin jini ya isa huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa.

Abubuwan da ke jawo shi a yankinmu

Ƙwayar cutar HPV, da ake ɗauka ta saduwa, ita ce sanadin kusan duk dajin bakin mahaifa. Ciwon hanta nau'in B da C na kai wa ga dajin hanta, haka ma gubar da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Tsargiyar da ta daɗe ba magani tana iya zama dajin mafitsara. Taba, giya, ƙiba da yawan shekaru duk suna ƙara haɗari, zabiya kuma rana na jawo masa dajin fata. Kaso kaɗan ne, kamar 5 zuwa 10 cikin 100, ke zuwa ta gado. Ciwon daji ba ya kama mai jinya. Ka ci abinci da marar lafiyarka, ka zauna kusa da shi.

Alamun da ba a jira da su

Ki je asibiti idan kin ji ƙulli a nono ko hammata, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini. Haka kuma jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ko ruwa mai wari daga gaba. Ga maza, wahalar fitsari da yawan tashi cikin dare. Ga kowa, jini a fitsari ko bayan gida, tari ko dashewar murya fiye da mako 3, gyambon da ya ƙi warkewa, wahalar haɗiya, da rama ba dalili. Ga yara, kumburin muƙamuƙi ko ciki mai saurin girma, da farin abu a tsakiyar ido mai ƙyalli kamar idon kyanwa. Waɗannan alamu na iya zama wata cutar daban. Gwaji ne zai raba gardama.

Gwaji, da maganar "daji ba ya son ƙarfe"

Likita zai duba ka, ya sa a yi hoto da gwajin jini. Amma tabbacin ciwon daji sai an ɗebi ɗan nama daga ƙarin, da allura ko ƙaramar tiyata, an duba shi a ɗakin gwaji. Sakamakon ne ke faɗin nau'in dajin da maganin da zai ji.

A nan mutane da yawa ke guduwa, saboda an ce idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya fusata. Wannan magana ta samo asali ne daga abin da aka saba gani: marar lafiya ya yi wata da watanni ana shafe-shafe da sakiya, sai ciwon ya riga ya bazu a kai shi asibiti, a yi masa aiki, ya rasu, a ce wuƙa ce. Allurar gwaji ba ta fusata daji. Watannin da aka ɓata kafin a yi ta su ne suka ba shi damar yaɗuwa.

Matakan ciwon

Ana kasa yawancin daji mataki 4. A na 1 ƙarin ƙarami ne, yana inda ya fara. A na 2 da na 3 ya girma ko ya kai kaluluwar da ke kusa. A na 4 ya isa wasu sassan jiki. A matakan farko ana yin magani da nufin warkewa, kuma da yawa suna warkewa. A na 4 galibi manufar ita ce rage gudun ciwon, kawar da zafi da ƙara kwanakin jin daɗi.

Hanyoyin magani

Tiyata: a cire ƙarin da ɗan naman da ke kewaye da shi, wani lokaci har da kaluluwa.

Kemo: magunguna ne masu kashe ƙwayoyin da ke saurin rabuwa, ta ƙarin ruwa ko ƙwaya. Sau da yawa ana ba da su duk mako 3, zagaye 6 zuwa 8. Suna iya kawo amai, kasala da zubewar gashi. Akwai maganin amai, gashi kuma yana dawowa. Idan zazzaɓi ya kama ka kana kan kemo, ka tafi asibiti a ranar, domin garkuwar jikinka ta yi ƙasa.

Gashi da na'ura: haske mai ƙarfi ne ake saitawa daidai wurin ƙarin. Mintuna kaɗan ne kowace rana, kwana 5 a mako, na wasu makonni. Ba wuta ake sa maka ba, kuma ba ka jin zafi lokacin da ake yi.

Maganin sinadaran jiki: wasu nau'o'in dajin nono da na maza suna girma ne da sinadaran mace ko namiji, sai a toshe su. Ƙwayar tamoksifen, misali, ana shan ta shekara 5 zuwa 10.

Sau da yawa ana haɗa biyu ko uku. Kada ka daina don ƙarin ya motse, domin ragowar da ba a gani ita ke dawowa. Ka faɗa wa likita duk sassaƙe ko jiƙon da kake sha, wasu na wahalar da hanta da ƙoda. Addu'a kuwa ba ta hana magani, a haɗa su tare.

Ina za ka je?

Idan kana Ƙofar Marusa ko wata unguwa a birnin Katsina, fara da asibitin da ke kusa da kai ko Babban Asibitin Katsina, ka karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya, inda aka buɗe cibiyar masu ciwon daji a 2025. Asibitocin koyarwa na Shika a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato su ma sun daɗe suna wannan aiki. Ka riƙe duk sakamakon gwaji a jaka ɗaya, ka je da wani ɗan'uwa da zai taya ka sauraro. Maganin yana da tsada, don haka ka tambayi kiyasin kuɗin tun farko, ka kuma nemi ofishin walwala na asibitin kan tallafin gwamnati da inshorar lafiya.

Rigakafi

A watan Oktoba 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta a Najeriya. A yi wa jariri allurar ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. Mace ta fara gwajin bakin mahaifa daga shekara 30, ko 25 idan tana ɗauke da ƙwayar HIV. A busar da gyaɗa da masara sosai kafin a adana. Idan kuma ka ga ƙulli a jikinka yau, ka nuna wa likita cikin makon nan.