Da Wane Suna Za Mu Kira Gatsby?

F. Scott Fitzgerald ya sha wahalar raɗa wa littafinsa suna kamar mai neman sunan ɗan fari a gidan da kakanni suka yi yawa. Har ana dab da bugawa yana sauya ra'ayi. Ya so ya sa sunan Trimalchio, wani 'yantaccen bawa a tsohon labarin Rumawa wanda ya yi kuɗi ya shiga shirya walima don a san ya samu. Ya kuma yi tunanin wani sunan da ke nufin Gatsby mai hular zinare. Daga ƙarshe kamfanin Scribner ya fitar da shi ranar 10 ga Afrilu, 1925, da sunan The Great Gatsby, shi kuwa marubucin bai gamsu ba.

Kalmar tsakiyar nan ce ke hana mai fassara barci. Faransawa sun ce Magnifique, wato mai ƙayatarwa. Larabawa sun ce al-Azim. Mu fa? In ka ce Babban Gatsby, sai a tambaye ka ina ƙaramin yake. Mai Girma kuwa gwamnoni sun riga sun kama. Gwarzo zai iya shiga, tunda mutumin ya je yaƙin duniya na farko har ya samo lambar yabo, sai dai ba don wannan aka yi masa laƙabin ba. Masu sharhi sun daɗe da lura cewa irin laƙabin ne masu dabo na Amurka ke liƙa wa kansu a takardun talla. Ni dai ƙasaitacce na zaɓa, domin ƙasaita baki biyu gare ta. Ana faɗinta ga sarki da girmamawa, ana kuma faɗinta ga mai nuna isa, a taɓe baki.

Shi kansa Gatsby ɗin sunan aro ne. Iyayensa, talakawan manoma a North Dakota, James Gatz suka sa masa. Yana ɗan shekara 17 ya sake wa kansa suna. A 1917, yana soja ba ko sisin kwabo, ya haɗu da Daisy, 'yar masu hali a Louisville. Ya tafi yaƙi, ta auri Tom Buchanan. A 1922 sai ga shi da katafaren gida a tsallaken ruwa daura da nata, yana tara mutane kowane ƙarshen mako ko Allah zai sa wata rana ta leƙo.

To wane irin mai samu ne wannan? Attajiri daga Larabci ya zo, at-tajir, mai fatauci. Wanda duk aka kira attajiri an san abin da yake saye da sayarwa, goro ne, fata ce, ko hatsi. Gatsby kuwa ba wanda ya san sana'arsa. Baƙin da ke cin abincinsa su ne ke raɗe-raɗin wai ya taɓa kashe mutum, daidai da yadda a garuruwanmu samun da ba a ga tushensa ba ke jawo zancen yankan kai. Gaskiyar ba ta kai haka armashi ba. Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, shi kuma yana cikin masu sayar da ita ta bayan fage. Ɗan fasa-ƙwauri ke nan da ya iya sa kaya.

Da a nan ne, da tuni maroƙa sun mai da shi Alhaji ko bai taɓa taka jirgi ba. Ita ma wannan kalma ta yi tafiya, daga mai ziyarar ɗakin Allah zuwa duk wanda ya sauke gilashin mota.

Sai mu koma ga abin da ke hannunsa. Kalmomi uku muke da su, ba kuma ɗaya suke ba: kuɗi, dukiya, arziki.

Kuɗi, ko kuɗɗi kamar yadda za ka ji a kasuwar Adabka da ta Gummi, asalinsa jam'i ne, tilonsa wuri. Shi ya sa har yau ake jin kuɗin sun ƙare. Abu ne da ake ƙirgawa, yana shiga yana fita, ba ya tambayar ɗan gidan wa kake. Wanda Gatsby ke ƙirgawa, dala, sunanta ya samo asali daga wata tsohuwar azurfa ta ƙasashen Jamusawa, taler, ga shi kuma a Maraɗi in an ce dala ɗaya ana nufin sefa 5 kacal. Kalma ɗaya, a New York ta sayi gida, a Maraɗi da ƙyar ta sayi alawa.

Dukiya ta fi kuɗi nauyin jiki. A karkarar Bukkuyum in mutum ya ce an kore masa dukiya, shanu yake nufi. Ita ake gada, ita ke haihuwa, ita ke da tarihi. Tom ne mai dukiya, har da ma'anar karkarar, domin littafin ya ce da garken dawakin folo ya ƙauro gabas. Duk abin da marubucin ya gina a kan unguwanni biyun nan, East Egg ta masu gado da West Egg ta sababbin samu, Bahaushe ya riga ya raba shi da waɗannan kalmomi biyu.

Arziki shi ne mai wuyar kamawa. Daga rizq na Larabci yake, abin da Allah ya ciyar da bawa. Amma dubi inda muka kai shi. Ɗan arziki ba ɗan mai kuɗi ba ne, yaro ne mai tarbiyya. Mutumin arziki yana iya kwana da yunwa. Rabuwar arziki ba ta da alaƙa da rabon gado. Da wannan ma'auni Tom ya faɗi warwas, mai dukan farkarsa har ya fasa mata hanci. Gatsby ma bai haye ba, in dai jama'a na cikin arziki, domin a cikin ɗaruruwan da suka sha shagali a gidansa mutum guda ne ya zo jana'izarsa, ban da Nick mai ba da labarin, da mahaifin Gatsby, da 'yan barorin gida.

Hular zinaren da aka fasa sawa a bangon littafin ita ma tana da magana. Masana harshe na danganta zinariya da dinar na Larabci, shi kuma dinar daga denarius na Rumawa, wanda kuɗin azurfa ne. Wato sunan zinarenmu ma aro ne daga azurfar wasu. Uban gidan Gatsby na farko, Dan Cody, a ramukan ma'adinai ya yi kuɗinsa, azurfar Nevada da tagullar Montana. Mutanen Anka, inda ake haƙar zinare, ba sa bukatar a fassara musu wannan babi. Sun ga yadda saurayi ke kwana ba shi da komai ya wayi gari da sabon babur. Sun kuma ga abin da ke tafe da zinaren. A 2010 aka gano dalmar da ke cikin duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje tana kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da Yargalma a Bukkuyum, daga baya aka ga girman abin a Bagega. Yara fiye da 400 suka rasu. A littafin ma akwai wani kwarin toka tsakanin gidajen shagali da birni, inda talakawa ke zaune, kuma matar da motar Gatsby ta take a can take.

Saura ɗaya rabin, abin da ke zuciyarsa. So kalma ce mai faɗin baki. Da ita ake son goro, da ita ake son kuɗi, da ita ake son yarinya, har muka sa wa wani kuɗin neman aure suna na-gani-ina-so, ba kunya ba ɓoye-ɓoye. Tom ya biya nasa da sarƙar lu'ulu'u ta dala 350,000 ana gobe ɗaurin aure. Ƙauna ba ta shiga kasuwa haka. Ba a cika cewa ana ƙaunar goro ba. Ado Ahmad Gidan Dabino ya san bambancin da ya jera su biyun a sunan littafinsa, In Da So Da Ƙauna, inda 'yar masu kuɗi ce ta nace wa talaka. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, tun shekarun 1930, shi ya fi kusa da labarin Gatsby: mai kuɗi, Malam Shehu, ya aure Zainabu daga hannun Abubakar. Sai dai Abubakar neman hanyar ramuwa ya tafi, Gatsby kuwa neman kuɗin da zai sake taya abin da aka riga aka sayar.

Soyayya fa? Wannan ƙarshen na -ayya yana bukatar mutum biyu, kamar a jayayya da ƙiyayya da tarayya. (Wasali ɗaya ne kuma ya raba ta da sayayya, amma wannan tsautsayi ne na harshe, kada a ɗora masa hujja.) Daisy ta so shi, ta kuma faɗa a gabansa cewa ta so Tom ma, abin da shi ya kasa haɗiyewa. Da ciki ya ɗuri ruwa sai ta koma bayan dukiya ta laɓe.

Kalmar da ta dace da shi ita ce bege. Da ita jariri ke neman uwar da ta fita, da ita sha'irai ke ambaton Manzon Allah, kuma sharaɗinta shi ne abin ya kasance nesa. Shekara biyar Gatsby yana bege, yana tsayawa da dare yana kallon koren fitila a bakin ruwan gidanta. Ranar da Daisy ta shigo gidansa ta tsaya kusa da shi, Nick ya lura cewa fitilar ta koma fitila kawai. Saboda haka in an fassara littafin aka kai wa mai sayar da littattafai a Gummi, zai jera shi cikin na soyayya don a nan ake ciniki, ni kuma zan tsaya mu yi gardama.