Kamfanin Einaudi Da Zaman Laraba

Mu marubuta mun saba ɗaukar mai ɗab'i a matsayin ɗan kasuwa kawai, wanda ba ya duban komai sai riba. Tarihin wani kamfani a birnin Turin na ƙasar Italiya ya sa muka sake tunani.

A watan Nuwamba na 1933 ne Giulio Einaudi, saurayi ɗan shekara 21, ya kafa shi tare da abokansa na makaranta, irin su Leone Ginzburg da Cesare Pavese. Lokacin mulkin kama-karya na Musolini ne, kowane shafi sai hukuma ta sa masa ido. Ba a daɗe ba aka fara kame. An ɗaure Ginzburg a 1934, a 1935 kuma aka tura Pavese zaman dole a wani ƙauye na Kalabariya, can kudu. Ginzburg bai ga ƙarshen yaƙi ba, domin a 1944 ya mutu a kurkukun Roma bayan azabar da 'yan Nazi suka gana masa.

Da yaƙi ya ƙare sai kamfanin ya zama tamkar jami'a. Shi ya fitar da wasiƙun da Antonio Gramsci ya rubuto daga kurkuku a 1947, sannan littattafan tunaninsa tsakanin 1948 da 1951, rubuce-rubucen da suka sauya yadda 'yan boko na ƙasar ke kallon siyasa da al'ada. Duk ranar Laraba editoci kan zauna a teburi guda, cikinsu har da Italo Calvino da Natalia Ginzburg, matar marigayi Leone, da masanin falsafa Norberto Bobbio, a yi ta musu a kan abin da ya cancanci bugawa. Abin da ya fi burge mu shi ne yawancinsu marubuta ne da kansu.

Amma fa gwanaye ma sun yi kure, kuma wannan ne ya fi shafar mai tasowa. A 1947 Primo Levi ya kai musu labarin zamansa a sansanin Auschwitz, suka ƙi shi. Wani ɗan ƙaramin kamfani, De Silva, ya buga kwafe 2,500, da yawa suka yi kwantai. Sai a 1958 Einaudi ya buga shi, yanzu kuwa ana karanta shi a makarantun Italiya. A shekarar nan ta 1958 kuma Feltrinelli na Milan ya fitar da Il Gattopardo na Tomasi di Lampedusa, wanda Einaudi da Mondadori suka mayar, marubucin kuma ya rasu a 1957 bai ga littafinsa ba. Feltrinelli ɗin ne ya fara buga Doctor Zhivago a 1957, duk da matsin lambar Tarayyar Sobiyet. Abin da ya ceci waɗannan littattafai shi ne ƙofar ba guda ba ce.

Kuɗi ne suka ci ƙarfin Einaudi. Bashi ya durƙusar da shi a 1983, a 1994 kuma ya shiga hannun Mondadori, rukunin da iyalan Silvio Berlusconi ke riƙe da shi. Tambarin jiminar nan na tun farko yana nan a bangon littattafansa. Giulio Einaudi ya rasu a 1999.