Fedar Keke: Tarihinta Daga Ƙarfe Zuwa Roba

Feda ita ce matakin da mahayin keke yake dannawa da ƙafa, ƙarfinsa ya bi ta sarƙa ya juya ƙafar baya. Keken da Karl von Drais ya ƙera a Jamus a 1817 ba shi da ita, da ƙafa ake tunkuɗa ƙasa. Sai a shekarun 1860 maƙeran birnin Faris, Pierre Michaux da Pierre Lallement, suka ɗaura feda a ƙafar gaba. A 1885 John Kemp Starley ya fitar da keken Rover mai sarƙa a Ingila, feda ta sauko tsakiya, inda take har yau.

Fedar da ƙasar Hausa ta fara sabawa da ita ta keken Raleigh ce, na birnin Nottingham, wanda daga baya aka riƙa harhaɗawa a Kano. Firam ɗinta ƙarfe ne, da sandunan baƙar roba biyu irin ta taya, sai boris a ciki. Kekunan Phoenix na Sin da Hero na Indiya duk wannan ƙirar suka bi. Falalarta ita ce komai nata yana kwancewa. Mai gyara zai buɗe ta, ya wanke boris da kananzir, ya cika giris, ya sauya robar da ta cinye. Ko robar ta zube gaba ɗaya, manomi yakan ci gaba da taka sandar tsakiya har ta yi ƙyalli, ya kai buhunsa kasuwa.

Fedar filastik, wadda ake zubawa a injin gaba ɗayanta, ta yawaita ne da shigowar kekunan yara da na gwanjo masu giya. A Jalingo, wadda ta zama hedikwatar Jihar Taraba a 1991, keke ya sake daraja bayan gwamnatin Danbaba Suntai ta hana hawan babur a cikin gari a 2012. A unguwanni irin su Barade, ɗan makaranta da mai kai saƙo sukan hau irin waɗannan kekuna. Fedar filastik ba ta da nauyi, ba ta tsatsa da damina, tana da araha, kuma ba ta cin silifas ko yanke ƙwauri kamar mai haƙoran ƙarfe. Amma mai arhar cikinta rana tana busar da ita ta tsage, tana santsi idan ta jiƙe, kuma da yawa an danne su yadda ba sa buɗuwa. Idan ta lalace sai dai a jefar a sayi wata, kuma wannan asara ce ga mai keke da mai gyara baki ɗaya.

Masu tsere sun bi wata hanya: alminiyam, sannan fedar da ke kama takalmi, wadda kamfanin Look na Faransa ya fitar a 1984.

Ko wace iri ce, sandar tsakiya ƙarfe ce, kuma lafiyarta da ta boris ke yanke tsawon kwanan feda. Kaurin bakinta a yawancin manyan kekuna 9/16 na inci ne, a wasu na yara rabin inci. Ta hagu ana ɗaure ta ne a juye, don kada tuƙi ya kwance ta, shi ya sa ake buga L da R a jikinsu.