Kakanninmu a cikin takardun lampo

Duk malamin da ya taɓa cika takardun ƴan jarrabawa ya saba da wannan: a takardar uba ko ta kaka, inda ya kamata a ga ranar haihuwa, sai a tarar da "né vers 1938", wato an haife shi wajejen shekarar. Mai son bin salsalar gidansu ta hanyar takarda a ƙasar nan, da wannan "wajejen" zai fara cin karo.

Ƙidayar jama'a ta farko da ta game Nijar baki ɗaya an yi ta a 1977, sai 1988, 2001 da 2012. Waɗannan ba su da amfani sosai ga mai neman kakansa, domin alƙaluma ake fitarwa, sunaye kuwa sirri ne. Wadda take ɗauke da sunaye ita ce ƙidayar zamanin Nasara. Kumandan ya fito rangadi da tafinta da ƴan rakiya, ya sauka gindin bishiya, sarkin kanto da maigari su tara jama'a, kowane maigida ya faɗi sunansa da na matansa da ƴaƴansa da dabbobinsa. Abin da ake nema shi ne kawunan da za su biya lampo, da samarin da za a ɗiba aikin soja ko aikin dole, wanda sai 1946 aka soke shi.

To, wane maigida ne zai faɗi gaskiya a irin wannan zama? An ɓoye yara a rumbu. An rage wa saurayi shekaru don kada ya shiga lissafin haraji. Wasu gidajen sun tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi kafin kumandan ya iso, suka dawo bayan ya wuce, wasu kuma ba su dawo ba. Da aka zo neman ƴan lakwal, sarakuna da dama sun tura ɗan bara ko ɗan bawa da sunan ɗansu ne. Saboda haka rashin sunan kakanka a littafin ƙauyenku bai nuna ba ɗan garin ba ne, wataƙila ubansa mai dabara ne.

Sai matsalar sunan kansa. Tafinta ya ji, magatakarda ya rubuta da kunnen Faransanci: Usumanu ya koma Ousmane, Shu'aibu ya koma Chaïbou. Ba mu da sunan gida mai ɗorewa, kowa da sunan ubansa yake tafiya, don haka zaren yakan tsinke a kowane hawa. Ga kuma alkunya. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta ba za ta fara a gaban Nasara ba, sai laƙabi ya shiga takarda, a rubuta Tanko ko Delu, sunan yanka ya ɓace.

Aure ya fi wannan wuyar samu. A zaure ake ɗaura shi, da liman da waliyyai da shaidu, a ambaci sadaki, a raba goro, a watse ba a rubuta komai ba. Auren kakanninmu yakan shiga takarda ne ranar da ya lalace. A littattafan shari'a na kotunan zamanin, inda aka kai ƙarar saki da biyan sadaki da rabon gado da rigimar wanda zai riƙe ɗa, nan ne za ka ga sunan mace da na ubanta da garinsu da abin da aka biya. Masaniyar tarihin nan ta Amurka, Barbara Cooper, da ta rubuta littafi kan aure a Maraɗi, irin waɗannan takardu ta haɗa da hirar da ta yi da mata. Abin ya ba ni dariya da takaici lokaci guda: kakar da ta zauna lafiya a ɗakinta har mutuwa ba ta bar sawu ba, wadda ta yi yaji har gaban alƙali ita tarihi ya sani.

Gidajen sarauta sun fi sa'a. Ayarin Tilho da ya shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila daga 1906 ya tafi da tafinta Landeroin, wanda ya rubuta jerin sarakunan Damagaram da Gobir da Katsinar Maraɗi daga bakin dattawa. Talaka bai shiga ba.

Takardun da suka rage suna gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence ta Faransa. Amma kafin kuɗin mota, a buɗe akwatin tsohuwa: katin iyali na lampo, littafin tsohon soja, ko bangon Alƙur'ani inda wani malami ya rubuta haihuwa da ajami. A tambaye ta shekarunta nawa lokacin ambaliyar 1945 da ta tada tsohon garin Maraɗi, ko abin da uwarta ta ba ta labari na yunwar Kakalaba ta 1914, sai a gwada da abin da takarda ta ce.

Malamai masu ba yara aikin zana bishiyar dangi, a yi hattara. Akwai gidajen da a hawa na huɗu za a iske bauta, kuma har gobe ana fasa aure a kan wannan. A bar yaro ya kai wa iyayensa abin da ya samo, su zaɓi wanda za a karanta a gaban aji.