Dillalan aikin koyar da Ingilishi a ƙasashen waje: abin da ya kamata mutanen Damargu su sani

Dillalin aiki shi ne mutum ko kamfanin da ke shiga tsakanin mai neman aiki da mai ɗaukar ma'aikata. A ƴan shekarun nan, tallar irin waɗannan dillalai na yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok, inda ake yi wa matasan da suka yi karatu alkawarin aikin koyar da Ingilishi a Asiya ko ƙasashen Larabawa, da albashi mai tsoka, da gida, da tikitin jirgi. Tallar na isa Tanut da Balbeji kamar yadda take isa Yamai, tunda wayar salula ba ta san nisa ba. A cikin dillalan akwai masu aiki bisa doka, akwai kuma ƴan damfara da masu safarar mutane. Abubuwa huɗu ne ke raba su, kuma duk ana iya bincikarsu kafin a fitar da ko dala: izinin hukuma, wanda ke biyan dillalin, rubutacciyar kwantaragi, da irin bizar da za a yi tafiya da ita.

Damargu da al'adar tafiya

Garin Tanut na kan hanyar ƙasa mai lamba 11 da ta haɗa Damagaram da Agadas, kimanin kilomita 150 arewa da birnin Damagaram. Balbeji kuwa daga cikin Tanut aka cire ta, ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutane sama da dubu 400 a gundumar Tanut, da kusan dubu 100 a ta Balbeji.

Tafiya neman arziki ba baƙuwar aba ba ce a wannan yanki. A ƙarni na 19 ayarin raƙuma daga Tarabulus zuwa Kano kan ratsa Damargu, kuma hatsin yankin ne ke ciyar da mutanen Azbin. A nan ne ma, a watan Janairun 1851, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya rabu da abokan tafiyarsa kafin ya nufi Katsina da Kano. A wancan zamani madugu ne ke riƙe da amanar matafiya. An san gidansa, an san danginsa, idan ya ci amana akwai sarki da alƙalin da za a kai shi gabansu. Dillalin yau sau da yawa lambar waya ce kawai da hoton wani ofis. Ranar da ya kashe wayar, babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Jihar Damagaram ta san abin da ke biyo bayan dogaro da masu kai mutane waje ba tare da tabbaci ba. A watan Oktoban 2013 an gano gawarwakin mutane 92, akasarinsu mata da yara, da ƙishirwa ta kashe a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, kuma da yawansu ƴan yankin Kance ne. Mai difloma da ke shirin hawa jirgin sama na ganin lamarinsa daban ne. Amma shi ma ya ɗora kuɗinsa da rayuwarsa a hannun wanda bai tantance ba.

Wa ƙasashen ke ɗauka a zahiri?

Kafin a tambayi gaskiyar dillali, sai a fara tambaya ko aikin da yake tallatawa na iya samuwa ga mai fasfo ɗin Nijar. Kowace ƙasa na da sharuɗɗanta, kuma babu dillalin da ya isa ya canza su.

Koriya ta Kudu na bayar da biza mai suna E-2 ga malaman harsunan waje. Ga masu koyar da Ingilishi, an ware ta ne musamman ga ƴan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Nijar ba ta ciki. Sin na buƙatar bizar aiki da ake kira Z, da digirin jami'a, da gogewar aiki ko takardar shaidar koyarwa, kuma ta fi karkata ga waɗanda Ingilishi ne harshen ƙasarsu. Tun watan Yulin 2021 gwamnatin ƙasar ta taƙaita makarantun ƙarin darasi masu zaman kansu, abin da ya rufe guraben aiki masu yawa. Japan na da shirin gwamnati mai suna JET tun 1987, amma ta ofisoshin jakadancinta ake neman shiga, kuma ba a sayen gurbi da kuɗi.

Tailan ta fi sassauci, domin tana ɗaukar waɗanda Ingilishi ba harshensu na gado ba ne, in suna da digiri da sakamakon jarrabawar da ke nuna ƙwarewarsu, tare da bizar aiki da izinin aiki. Wannan sassauci ne ya sa ƴan damfara suka fi fakewa da sunanta.

Saboda haka duk wanda ya ce wa mai takardar bakaloriya zai kai shi Koriya ya koyar da Ingilishi cikin makonni biyu, ba a buƙatar dogon bincike a kansa. Maganar tasa ta saɓa wa dokar ƙasar da yake ambata.

Abin da dokar Nijar ta tanada

Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga watan Satumban 2012 ta amince da kamfanoni masu zaman kansu da ke sama wa mutane aiki, amma sai da izinin hukuma. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ANPE, ita ce ke kula da harkar ɗaukar ma'aikata, kuma tana da reshe a birnin Damagaram, inda akwai kuma ofishin sifeton ƙwadago.

A ranar 14 ga watan Mayun 2015 Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, wadda ta shafi irin waɗannan kamfanoni. Sashe na 7 na yarjejeniyar ya hana su karɓar kuɗi daga hannun ma'aikaci, kai tsaye ko a fakaice, sai a wasu keɓaɓɓun lamura da hukuma ta ba da dama. Ma'anarsa, makarantar da ke neman malami ita ce ke biyan dillali ladansa. A rana guda Nijar ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta amince da ƙarin yarjejeniyar 2014 kan yaƙi da aikin tilas.

Idan yaudarar ta kai ga an kai mutum wani wuri an bautar da shi, lamarin ya zama safarar mutane. Dokar da ke hukunta wannan ita ce mai lamba 2010-86 ta ranar 16 ga watan Disamban 2010, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10, ko 10 zuwa 30 idan yaro ne aka yi safararsa. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar yaƙi da safarar mutane, ANLTP. A watan Yulin 2019 aka buɗe a Damagaram cibiyar farko ta gwamnati da ke karɓar waɗanda aka kuɓutar, tare da tallafin hukumar ƙaura ta duniya, OIM.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware. A watan Nuwamban 2023 hukumomin ƙasa sun soke dokar 2015-36 da ta haramta jigilar baƙin haure. Wannan sokewa ba ta taɓa dokar 2010 ba. Yaudarar mutum da alkawarin aiki don a ci da guminsa laifi ne har gobe, haka ma damfara.

Yadda damfarar ke tafiya

Nau'i na farko, wanda ya fi yawa, shi ne na karɓar kuɗi kashi-kashi. Ana farawa da ɗan abin da ba zai tayar da hankali ba, kamar jika goma na “buɗe takardu”. Daga nan sai kuɗin gwajin lafiya, sai na takardar koyarwa ta TEFL da ake turowa ba tare da an yi karatun komai ba, sai na biza, sai na inshora. Duk lokacin da mutum ya biya, janyewa na ƙara masa wuya, domin yana ganin asarar abin da ya riga ya zuba. A Damargu irin wannan kuɗi kan fito ne daga sayar da dabbobi ko hatsin rumbu ko jinginar da gona, don haka asarar ba ta tsayawa kan mutum ɗaya, gida guda take shafa.

Na biyu shi ne tafiya da bizar da ba ta aiki ba. Ana ba mutum bizar yawon buɗe ido ko ta ziyara ko ta Umara, a ce masa za a “gyara” in ya isa. Da zarar wa'adinta ya cika ya zama mazaunin ƙasa ba bisa ƙa'ida ba, ba shi da bakin kai ƙara in an hana shi albashi.

Na uku shi ne musanya aikin. A watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoton da ya ce aƙalla mutane dubu 120 a Myanmar da kimanin dubu 100 a Kambodiya ake jin suna tsare a wuraren da ake tilasta musu damfarar jama'a ta intanet. Akasarinsu tallar aikin ƙarya ce ta ja su, kuma masu jin harsunan waje ake nema. A watan Fabrairun 2025 an tsallako da mutane kimanin 260 daga Myanmar zuwa Tailan bayan an sako su, fiye da rabinsu ƴan Habasha ne.

Na huɗu ya fi kusa da gida. Ana kiran matashi zuwa wata ƙasar Afirka ta Yamma da sunan horo kafin wucewa Turai ko Asiya. In ya isa sai a karɓe kuɗinsa, a ajiye shi a wani gida, a ce sai ya jawo wasu kafin ya samu nasa. Shi ya sa kiran kan zo ta bakin aboki ko ɗan'uwa, wanda shi ma tarkon ne ya kama shi.

Ma'aunin gane dillali

Dillalin gaskiya na da ofis da za a iya taka ƙafa a je, da lambar rajistar kasuwanci RCCM, da lambar haraji NIF, da takardar izinin aikin dillanci. Ana iya kai sunansa ANPE a tambaya. Yana faɗin sunan makarantar da garin da take, kuma ba ya jin haushi in mai neman aiki ya nemo lambar makarantar da kansa ya kira. Makarantar kirki ba ta ɗaukar malami ba tare da ta gana da shi ba, ko da ta bidiyo ne.

Kwantaragi na zuwa tun mutum yana gida, cikin harshen da yake karantawa, ɗauke da albashi, da awowin aiki, da wurin kwana, da wanda zai biya tikitin dawowa. Kuɗin biza ana biyansa ne a ofishin jakadanci ko cibiyar da ya wakilta, a karɓi rasidi. Neman a tura kuɗi zuwa sunan wani mutum ta kamfanin aika kuɗi alama ce ta haɗari. Haka nan gaggawa, da cewa kada a gaya wa kowa, da neman riƙe fasfo.

Kasancewar dillali ɗan gari ne, ko alhaji ne, ko ya rantse da Alƙur'ani, ba ya maye gurbin takarda. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin mota daga Tanut zuwa Damagaram don a tambayi hukuma bai kai kashi ɗaya na abin da dillali ke nema ba.

Inda ake kai ƙara

Wanda aka riga aka cuta zai iya zuwa ofishin ƴan sanda ko na jandarma, ko wajen mai shigar da ƙara na kotu. Kada ya goge saƙonnin waya da muryoyin da aka turo masa, kuma ya adana rasidin aika kuɗi. Idan ɗan'uwa ne ya maƙale a waje, iyalinsa na iya sanar da ANLTP da ma'aikatar harkokin waje, shi kuma ya nemi ofishin jakadancin Nijar mafi kusa ko na OIM. Kunya kan sa mutane su yi shiru, shirun kuma shi ke ba dillalin damar komawa ƙauye na gaba.

Ga wanda ya iya Ingilishi da gaske, kamar ɗaliban da ke fitowa daga jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta André Salifou ta Damagaram, akwai sauyin da ya shafi kasuwarsa a cikin gida. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Gogewar ƴan shekaru a koleji ko lise a gida, tare da takardar koyarwa da aka yi karatunta, ita ce irin hujjar da makarantun waje na gaskiya ke tambaya in lokacin fita ya yi.