Ajiyar wasiƙun imel na wurin aiki da yadda ake maido su

Ina wasiƙu suke zama?

Imel wasiƙa ce da ake aikawa ta intanet. A wurin aiki, kamar gidan likita, ofishin magajin gari ko ƙungiyar manoman albasa, kowane ma'aikaci yana da akwatin wasiƙunsa. Akwatunan duka suna cikin wata babbar na'ura, wadda za mu kira uwar kwamfuta. In ta lalace, rahotanni da takardun kuɗi na shekaru suna iya salwanta a rana ɗaya.

Akwai hanyoyi 2 na karɓar wasiƙa. Ta hanyar IMAP, wasiƙa tana zama cikin uwar kwamfuta. Ta hanyar POP kuwa, sau da yawa tana sauka cikin kwamfutar ma'aikaci, a share ta daga uwar. Ya kamata kowa ya san hanyar da ofishinsu yake bi.

Me ke ɓatar da wasiƙu?

A gundumomin Madawa, Buza da Keita, cikin jihar Tawa, zafin bazara da ƙurar hunturu suna gajiyar da na'urori. Ɗaukewar wuta ba zato tana iya lalata faifan da ke riƙe da wasiƙu. An ga ƙarancin wuta sosai a 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wadda take ba Nijar. Akwai kuma ruwan damina, da sata, da gobara, da kuskuren hannu.

Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. A watan Fabrairu na 2011, wasu masu amfani da Gmail sun tarar da akwatunansu wayam. Kamfanin Google ya maido musu da wasiƙun ne daga kaset ɗin da ya yi ajiya a kansu.

Yadda ake ajiya

Manomi ba ya zuba iri da cimaka duka a rumbu ɗaya. Haka ma wasiƙu. Masana suna bin ƙa'idar 3-2-1:

- a samu kwafi 3, har da na asali;
- a sa su a kan abubuwa iri 2, misali uwar kwamfuta da faifan da ake cirewa;
- a kai kwafi 1 wani gini ko wani gari.

Ofishin da ke Buza yana iya aika faifai ɗaya Tawa a ƙarshen kowane wata. A kwafe akwatuna duka sau ɗaya a mako, sa'an nan kowace yamma a kwafe abin da ya ƙaru. A rubuta ranar ajiya a jikin faifan, a kulle shi, domin wasiƙun mutane amana ne.

Yadda ake maidowa

1. In wasiƙa ta ɓace, a fara duba kwandon shara na cikin akwatin. Gmail yana riƙe abin da aka jefa ciki kwana 30.
2. In ba ta nan, a sanar da mai kula da kwamfuta nan take, a faɗa masa ranar da aka gan ta a ƙarshe.
3. Shi kuma ya ɗauko ajiyar da aka yi kafin wannan rana.
4. Ya zuba ta cikin wani akwati dabam, kada tsofaffin wasiƙu su danne sababbi.
5. Mai akwatin ya duba, ya ɗauki abin da yake nema.

Abin da ya fi muhimmanci

Faifai yana iya lalacewa a ɓoye, kamar hatsin da ƙwari suka cinye cikin rumbu rufaffe. Saboda haka, bayan kowane wata 3 a gwada maido da akwati ɗaya, a buɗe wasiƙunsa a karanta. Mutum 2 aƙalla su iya wannan aiki, domin ranar da aka canja wa ɗaya wurin aiki. Hausawa sun ce: ajiya maganin wata rana.