Daga Kawalwalniyar Hanyar Makka Zuwa Sandar Haske

Alhazan ƙasar Hausa na zamanin da, waɗanda suka ratsa Cadi da Sudan a ƙasa, suka haye Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, sun san kawalwalniya sarai. Da rana tsaka, a kan hanyar Jidda zuwa Makka, matafiyi yakan hangi tafki yana ƙyalli, ya yi ta sauri da ƙishirwa, in ya isa sai ya tarar da rairayi.

Dalilin wannan kuwa shi ne, iskar da ke dab da ƙasa mai zafi ta fi ta samanta sauƙi, nauyinta kuma yana ƙaruwa ne kaɗan kaɗan in aka yi sama. Hasken da ya sauko daga sararin sama sai ya riƙa lanƙwashewa sannu a hankali, har ya juyo ya faɗa idon matafiyi, shi kuwa ya zaci ruwa ne.

Malaman Musulunci suna cikin na farko da suka yi binciken lanƙwasar haske. Wajen shekara ta 984, Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idarta a Bagadaza. Bayansa Ibn al-Haisam, mutumin Basra, ya wallafa Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021, inda ya nuna cewa hasken taurari ma yakan karkace in ya shigo iska.

An daɗe ƙwarai kafin a iya kama wannan hali a ɗaure shi a cikin abin hannu. A 1905 wani Ba'amurke, Robert Wood, ya sarrafa wani irin danƙo ta yadda tsakiyarsa da gefensa suka bambanta wajen ƙarfin lanƙwasa haske, sai ga yankansa, shimfiɗaɗɗe sumul, yana tara haske kamar gilashin tabarau. Wajen ƙarshen shekarun 1960, kamfanonin Nippon Sheet Glass da NEC na Japan suka fitar da sandar gilashi mai wannan siffa, suka sa mata suna Selfoc.

Amma gilashi yana da tsada, ga saurin fashewa. Saboda haka a 1973 Yasuji Ohtsuka na Jami'ar Keio ya bayyana hanyar yin sandar da roba. Akan dafa ruwan roba iri ɗaya har ya fara daskarewa, sa'an nan a tsoma shi cikin wani irin mai ƙarancin ƙarfin lanƙwasa haske. Wannan na biyu yakan tsatsa daga waje zuwa ciki, ya yi yawa a gefe, ya ragu a tsakiya, kana a ƙarasa dafuwar. Duk hasken da ya nufi gefe sai ya komo tsakiya, watau kawalwalniya ce aka naɗe ta zama sanda. Almajirinsa Yasuhiro Koike ya ci gaba da aikin, har cikin shekarun 1990 ya samar da zaren roba mai ɗaukar saƙonni masu ɗimbin yawa.

Irin waɗannan sanduna, jere a layi, su ne idanun na'urori da dama masu ɗaukar hoton takardu. Ƙa'idar dai tana nan yadda aka rubuta ta a Bagadaza da Alƙahira, sai dai ribarta ta faɗa hannun waɗanda suka riƙe binciken ba su sake ba.